Ruwa Ya Zo Ƙarfe Uku

Ƙarfe uku na dare famfon tsakar gida ya yi tari,
tarin tsohon da ya kwana huɗu bai ce uffan ba.
Na cikina ya riga ni ji.
Shuri ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari:
tashi, Damagaram ba ta ba da ruwa sau biyu.

Tashi kuwa yanzu sai da shawara.
Na sauke ƙafar Mutari daga wuyana,
na dafa bango, na dafa gwiwa,
na roƙi ƙugu arziki.
Jarka huɗu, bokiti biyu, randa,
har butar Laminu na jera.
Shi yana can yana minshari,
babur ya ci bayansa tun daga Dole har Kara-kara,
ban tashe shi ba.
Na zauna kan turmi ina jin jarka tana sauya murya,
daga ƙasa-ƙasa zuwa maƙogwaro.

Gari ya waye da takalmin Balkisa ƙafa ɗaya.
Ɗayar tana cikin akurki, kada a tambaye ni.
Kunu ya yi zafi, kunu ya huce, kunu ba sukari,
an buga ƙarfen lakwal ina ɗaure mata kallabi.

Mutari bai yafe mini ba.
Tun ranar da na shafa maɗaci a nono
yake kallona kamar mai bin bashi.
Cinyar da yake kwana a kai ta ƙanƙance,
kullum wani yana ƙara cin filinsa.
Jiya ya kafa baki a cibiyata, ya ce,
kai, fito, Inna tawa ce.
Na ciki ya ba shi amsa da diddige.
Ya yi baya, ya zaro ido,
sai kuma ya dawo da guntun ƙosai
ya ɗora a kan cikin, ya tsaya jira.

A wurin awo ungozoma ta danna mini ƙauri,
yatsanta ya tafi, raminsa ya zauna.
Ta ce rage gishiri, ki sha ƙwayar jini, ki huta.
Na ce hutun nawa ne tiya?
Na zaga Dole kaf, ban ga mai aunawa ba.
Ta yi dariya tana rubutu a kati,
ita ma zanenta ya ɗage ta gaba.

Abin da raina ke so ba shi da kan gado.
Tsamiya da barkono. Ƙamshin ƙasa in an yayyafa ruwa.
Daddawar da na girma da ita
yau ko daga gida na uku ta kore ni.
Cima ta miƙo kwano ta kan katanga,
dambun zogale, ba ta ce komai ba.
Ta haifi bakwai, ta san la'asar ɗin mai ciki.

Da magariba duwatsun Birni suna amayo zafin yini.
Na miƙe ƙafa a tabarma,
wata biyu ke nan ban gan su ba.
Balkisa ce ke kawo mini labarinsu.
Ta ce, Inna, sun zama fanke.
Ta ƙirga yatsun da bakin lakwal, ta ƙirga da Hausa,
duka biyun goma ta samu,
ta ce kada in damu, ba wanda ya ɓace.

Ba na ƙirga sauran kwanaki da babbar murya.
Na dai wanke tsofaffin zannuwa, na ninke,
na ɓoye jika biyu a bakin matashi
saboda motar dare.

Yau ma famfo ya yi tari.
Kafin in gama roƙon ƙugu
na ji ana jan jarka a ƙasa, kirrr,
jarkar ta fi mai janta tsawo.
Ta ce, kwanta, Inna,
in ta cika zan kira ki.