Shataletalen Viseu

Shekara talatin da bakwai ina raba burodi a Viseu,
garin da ko atishawa ka yi
sai ka buɗe ido a cikin shataletale.
Na san su kamar haƙoran bakina:
mai tsartuwar ruwa, mai itacen zaitun,
da wanda aka girke wa tsohuwar garma a cibiya.
Dama nake riƙewa, in lallaɓa gefe-gefe.
Haka marigayi Anacleto ya koya mini,
in na kauce ya mintsini cinyata.

Kwatsam, wata ya kama da sabuwar doka.
Wai layin waje na mai fita nan take ne.
Wai in mafita ta uku ka nufa, kutsa ciki,
kusa da furanni,
sannan ka zare kanka a hankali
kamar ƙaya daga tsokar kifi.

A shagon Deolinda, gahawa na huci,
Fausto mai tasi ya kife faranti:
"Ga shataletale. Zaitun ɗin nan motoci ne."
Baltazar mai tirela ya ce dokar ba ta hau kansa ba.
Fausto ya ce da sake.
Graciete ta ce ƙaninta ɗan sanda ne,
jiya ma shi ya kira ta yana tambaya.
Kafin gardama ta lafa
Baltazar ya cinye motoci biyu.

Ga kuma batun keke.
Mita ɗaya da rabi za ka bar masa kafin ka wuce.
Da me zan auna? Da dogon burodi?
Ranar Laraba na bi wani dattijo mai keke
tun daga coci har ƙofar maƙabarta,
a giya ta biyu,
motoci goma sha a bayana suna ta oda
kamar masu rakiyar gawa marasa ladabi.
Da ya sauka, ya ɗaga mini hula.

Jikata Benedita, tawadar lasisinta ko bushewa ba ta yi ba,
ta zauna gefena ranar Asabar.
"Kaka, ciki!" Na shiga ciki.
"Sigina!" Na kunna.
"Fita!" Ina hanya?
Wata jar mota ta tokare dama,
mai furfura irina a sitiyari,
yana bin dokar jiya da zuciya ɗaya.
Ya harare ni, na harare shi,
kowa da gaskiyarsa, sai dai shekarunsu sun bambanta.

Muka sake zagayowa.
Garma ta wuce mu.
Garma ta sake wuce mu.
A baya burodi yana sallama da ɗuminsa.

Zagaye na huɗu ta daina magana.
Ta leƙa madubi, ta ƙirga da leɓe,
sai na ji yatsu biyu a cinyata,
daidai wurin nan na dā.

Na fita.