Kwanan Waƙa

Tanimu mai sa kiɗa a Samaru
ya ce da ni waƙa ƙosai ce,
da zafinta ake rububi.

Makon farko shi kaɗai ke da ita.
Ya ɓoye a filashi kamar kuɗin adashi,
sai gumi ya jiƙa riguna
ya sake ta.
Ɗaliban Kongo su yi ihu, kujeru su faɗi.

Mako na huɗu ta hau Keke Napep.
Daga Kwangila zuwa PZ ka ji ta sau uku,
mai cajin waya na tura ta naira hamsin,
mai shayin Tudun Wada na kaɗa ƙwai da kiɗanta.

Ran da ya ji ta a bakin Uwani,
autarsu, tana wanke kwano,
ya ce, "Shi ke nan, ta mutu."
Wata biyu. Kakar tumatir ma ta fi ta kwana.

Jiya, a liyafar gama karatu a Hanwa,
wuta ta ɗauke, janareto ya tashi,
kwamfuta ta rikice, ta tono wata
da ya binne shekara goma.
Ya kai hannu zai kashe.

Wani malamin lissafi ya ajiye faranti,
ya tura hula ƙeya.
Matarsa ta biyo shi tana rufe dariya da mayafi.
Fili ya cika.

Tanimu ya janye hannu.
Minti huɗu yana duban allo,
bai san sanda ƙafarsa ta fara ba.