Ƙugiyar Ɗayyabu

Wuta ta dawo ƙarfe huɗu saura,
janareton maƙwabta ya yi shiru,
na buɗe rumbun sunaye.
Mutum dubu goma sha ɗaya ne a ciki,
ma'aikatan masaƙar Kakuri da ta daina numfashi,
kowa a layinsa, kowa da lambarsa,
kamar yadda suke jeruwa ranar albashi.

Kande na kan bencin nan mai gurguwar ƙafa,
da kati ɗaure a bakin zane.
Shekara ashirin da biyu ubanta ya yi
yana shaƙar auduga a sashen kaɗi.

Na ce wa rumbu: zaɓo min duk layin
da ke ɗauke da Ɗayyabu Ƙaura.
Kafin in ɗage yatsa ya amsa:
babu.

Rumbu ba ya ƙarya, ba ya kuma kara.
Abin da aka zuba masa, shi yake aunowa.

Ashe wani akawu ne can baya,
tafiretarsa ba ta san ƙugiya ba,
ya buga Dayyabu Kaura a teburin albashi.
Teburin asibiti ya ce Tayyabu.
Na fansho ya manna masa waƙafi a goshi.
Mutum ɗaya, rumfa uku,
ba wadda ke gaida 'yar'uwarta.

Sai na saki suna, na kama lamba,
huɗu, huɗu, ɗaya, bakwai,
wadda gumi ya kusa cinyewa a jikin katin.
Da ita na ƙulla tebur da tebur
yadda shi ma yake ƙulla zare in ya tsinke
ba tare da ya tsayar da inji ba.

Layi ɗaya ya fito.
Ga ranar da ya kama aiki.
Ga tari, sau tara an rubuta tari.
Gurbin kuɗin sallama kuwa,
ko sifili babu.
Sifili ai magana ce.
Wannan fili ne da ba wanda ya taɓa takawa.

Ta ce, "Ya fito?"
Na ce ya fito.

Kafin in buga mata takarda
na mayar masa da ƙugiyoyinsa biyu,
ɗaya a kan Ɗ, ɗaya a kan Ƙ.
Ta ɗora yatsa a gilashin, ta daɗe,
sannan ta tambaye ni
ko har yanzu za ta samu motar Rigasa
kafin hadarin nan ya sauko.