Ɗakin Faifai a Garwa

Shekara talatin da biyu Hamajoda na riƙe
da makullin ɗakin faifai.
Faransanci bai zauna a bakinsa ba,
sai "bonsuwar" da yake ji ta bango
kafin ya sauke allura.

Daren da Binuwai ta shigo gidan rediyo,
shi ya kwashe akwatunan a ka,
ruwa har ƙugu.

Yau waƙoƙin suna cikin kwamfuta.
Shi kuwa yana tallan goro a bakin gada.
In an sako tsohon kiɗan gogen nan na Laraba,
ya san daidai inda faifan ya tsage,
sai ya ɗaga yatsa, ya bar mai ciniki tsaye,
yana jiran ƙaras ɗin da aka goge.