Saura Gyara Ɗaya

Ƙarfe ɗayan dare a Hindawiyya,
na'urar sanyi na tari kamar tsohon mashayin taba.
Na buɗe takardar da mu biyar muke rubutawa,
tarihin Inna Tasalla,
wadda ta tako daga Haɗeja har bakin Bahar Maliya.

Shafi sha huɗu, kowa da launin tawadarsa.

Mansura daga Riyad da ja take zuwa.
Ta soke "yunwa", ta ɗora "ƙarancin abinci",
wai jikoki za su karanta.
Na ƙi.
Wadda ta ci tafasa ba gishiri wata uku
ta san sunan abin da ya murɗe mata ciki.

Nafi'u shuɗi ne, waƙafi ne sana'arsa,
yana barbaɗa shi kamar riɗi a bayan burodi.
Na karɓi talatin da ɗaya ban ko duba ba.
Auta ne, a bar shi ya ce ya yi aiki.

Sa'adiyya ba ta taɓa layi, gefe take raɓewa:
"Wa ya ce jaki biyu ne? Ni ɗaya na ji."
Nafi'u a ƙasa: "Ɗayan ya mutu kafin Fashir."
Ita kuma: "To a rubuta mana."
Kwana huɗu muka yi a kan jakin nan,
har sai da ya samu sakin layi nasa
da suna, Ɗan Auru,
wanda nake zargin ita ta raɗa masa.

Sai shafi na tara.
Kore.

Ni na rubuta "shekara bakwai a hanya".
Kawu Jibo ya ja layi a gadon bayan bakwai,
ya ajiye tara a gefenta,
sannan da yatsan tela da allura ta gama da shi
ya lallaɓa wayarsa ya ƙara:
"Biyu a Sawakin tana wankau, tana tara kuɗin jirgi.
Can ta binne yayana.
Ku yaran nan ba ku iya lissafi ba."

Laraba, sha ɗaya da minti takwas, in ji takardar.
Asabar bayan La'asar muka kai shi makwancinsa,
awon rigar wani na nan a kan kekensa.

Maɓalli biyu ne a gabana.
In na danna karɓa,
bakwai ta ɓace, tara ta koma baƙa kamar 'yan'uwanta,
koren ya tafi, sunansa ya tafi,
har faɗan da ya yi mana.
In na danna ƙi...
ni wane ne da zan musa wa ɗan da aka goya a Sawakin?

Mansura ta aiko saƙo tun Magariba:
mai ɗab'i na jira a Balad,
saura gyara ɗaya, Yaya, mene ne wahalar?
Na karanta ban amsa ba.

Shayi ya huce, kurman ƙudan dare na zaga kofin.
A ƙasa motar shara ta wuce da ƙugi.
Bakwai na kwance da layinta a baya,
tara na zaune kusa da ita,
kibiyar na kai-kawo tsakaninsu
har ladanin masallacin lungu ya gyara murya.

Na sa alama a ƙarƙashin maganarsa,
na rubuta, "Mun ji, Kawu."
Takardar ta ce an aika masa.