Sawun da Babu Farce

Kakana Jatau ya haƙi kuza har bayansa ya tanƙware.
Ya ce sau ɗaya tak ya ga damisa,
ita kuwa ta gan shi ya fi sau dubu.
Yakan faɗi haka yana ɓare gyaɗa,
idonsa a kan duwatsun Shere,
inda dutse ke goye da dutse
kamar wani ya jera su ya manta.

Ya ce, kada ka ɗauka ƙarfi ne sana'arta. Jira ne.
Tun azahar tana kwance a tsagin dutse,
inuwar ganye a jikinta, jikinta a inuwar ganye,
ka rasa wa ya ari rigar wani.
Agwada ta gifta ta gaban hancinta,
ko kunne ba ta kaɗa ba.

Sai magariba ta koro gada bakin ruwa.
A nan za ta tambayi iska inda ta dosa,
ta zagaya ta ɓullo mata ta baya.
Ciki a ƙasa, kafaɗu suna hawa da sauka,
inda ƙafar gaba ta taka nan ta baya take sauka,
busasshen ganye ma bai samu abin kai ƙara ba.
Gada ta ɗaga kai, ta zama dutse.
Gada ta sunkuya, dutsen ya matso.
Abin da ya rage bai kai ƙiftawar ido ba:
tsalle ɗaya, haƙori a maƙogwaro,
sai kwaɗi su ci gaba da zancensu.

Ba kullum ba fa, in ji tsohon.
Wata rana zabo ya tona mata asiri,
birai su hau duwatsu su yi ta zaginta,
ta miƙe, ta karkaɗe jiki, ta kwana da yunwa.
Gobe ma rana ce.

In ta samu kuwa, ta san kura tana tafe da dariyarta.
Sai ta ciji abin da ya kusa nauyinta,
ta haye ɗorawa da shi kamar mai hawa tsani,
ta rataye a reshe. Rumbunta ke nan.
Kura ta kwana a gindi tana lasar ƙasa.

A kogo akwai biyu da idonsu bai gama buɗewa ba.
Ranar da za su fito, farin bakin wutsiyarta za su bi,
shi ne fitilarsu a cikin ciyawa.
Shekara biyu ba ta cika ba za ta juya musu baya.
Ƙi-sabo ai har ɗanta.

Shi kuwa ganin nan guda, da asuba ne,
shebur a kafaɗa, hazo kwance a kan kududdufi.
Ta tsaya a hanya da raɓa a gashin baki.
Ta dube shi kamar mai duba tsohon bashi,
ta yafe, ta wuce.
Ya ce daga ranar ya daina ce wa dutsen nan namu.

Yanzu nakiya ke fasa gefen tudun,
tifa tana kwasar duwatsu zuwa Farin Gada.
Kukan nan nata, mai kama da zarto a jikin gungume,
na tambayi makiyaya uku, ba wanda ya taɓa jin sa.

Amma shekaranjiya, bayan ruwan dare,
na sauka rafi neman akuyar Laraba.
A cikin taɓo na ga sawu, faɗin tafin hannuna.
Tsohon ya koya mini:
kare yana barin farce a sawunsa,
ita tana tafiya da nata a aljihu.
Na durƙusa na duba. Babu farce.

Na waiwaya. Ganye, dutse, inuwa.
Na sa takalmi na shafe sawun,
na koma gida na ce akuya ta ɓata.