Injina Uku a Tartu

Ƙarfe huɗu bai cika ba rana ta faɗi a Tartu,
kogin Emajõgi ya daskare har gindin gada.
Ülle Rebane ta cire safar hannu, ta kunna injina uku
da ke jere kan teburin ɗinkin mahaifiyarta:
Linux, Windows, da wata tsohuwar Mac mai tsagaggen gilashi
da ta saya a hannun wani ɗalibi.

Abin da take kiwo ɗan laburare ne, layi dubu tara na C.
Shi ke karɓar saƙo daga bakin Python,
ya miƙa wa soket, ya tsaya bakin ƙofa yana jiran amsa.
Ba mai tuna sunansa sai ranar da ya karye.

Yau ya karye.

Sabuwar sigar harshe ta fito da asuba,
ta ɗauke wani ƙugiya da aka rataye kaya a kansa shekara goma sha ɗaya.
Ta ɗinke nan, can ya ɓarke.
Linux ya ce ya yarda.
Mac ta yi shiru minti shida, sannan ta yarda ita ma.
Windows kuwa ya ce shi a gidansa
soket ba fayil ba ne, kuma ba yau ya fara faɗa ba.

Wani Anselmo daga Valparaíso ya aiko da layi biyu:
na'urarsu ta auna igiyar teku ta daina magana,
ko za a gyara kafin Litinin?
Bai gaishe ta ba. Ba ta riƙe shi a zuci ba,
mai neman wuta ba ya tsayawa yaba murhu.

A layi na dubu huɗu da goma sha biyu
ta tarar da rubutun Priit, wanda ya fara aikin,
ya bar shi, ya koma kiwon zuma a Võru:
kada a taɓa wannan, ban san dalilin da yake aiki ba.
Ta yi dariya ita kaɗai.
Ta taɓa.

Gwaji ɗari biyu da bakwai suka yi ja.
Ta mayar da shi yadda yake, ta roƙi gafarar mai zuma.

Shayi ya huce, ta sha haka nan.
Kwaron ashe ƙarami ne:
ƙidaya ɗaya da aka manta a rage,
tana ɗiga kamar rufin da ba ya yoyo sai cikin dare.

Ƙarfe biyu saura, alamun suka koma kore ɗaya bayan ɗaya,
siga biyar, gida uku.
Ta bar tsohuwar sigar da ta yi niyyar binnewa,
don wani asibiti ya taɓa cewa da ita yake aiki.

Ta rubuta wa Anselmo: gwada yanzu.
Ta kashe biyu. Mac ta ƙi mutuwa,
tana sabunta kanta.